Miyar Kaka, Lamba Ɗaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya kuma gwiwar nan da kike ta kuka da ita? Mu nan lafiya lau. Ɗan'uwanmu Dogo yana samun sauƙi, hannun damar ya fara riƙe cokali, magana ce dai har yanzu take fita da ƙyar.

Kin tambaye ni ko tsohuwar da kika gani a jikin kwalin abincinmu kakarmu ce. Ke ma dai da neman magana! Yaushe kakarmu ta taɓa tsayawa gaban mai hoto? Hayar wata baiwar Allah aka yi, aka ɗaura mata ɗankwali, aka ba ta ludayi ta riƙe. Ko riƙon ba ta iya ba.

Tun da ciwo ya kwantar da Dogo, ɗansa ya karɓi komai. Yaron nan da na goya, yanzu kowa Manaja yake ce masa, har ni. Da za a buɗe shago na ashirin da uku sai ya kawo masu talla, suka rubuta tarihinmu aka manna a bangon kowane shago. Wai wani saurayi ne ya fara da tukunya ɗaya da sirrin miyar kakarsa. Na karanta sau uku, Auta, ina neman kaina a ciki. Babu ni.

Ke dai kin san yadda aka yi. Rumfa ce a bakin tasha, benci biyu, abu uku muke sayarwa: shinkafa da kaza, burodi da kaza, dankali da kaza. Dogo yana suya yana kiran mutane, ni ina bayan langa-langa da jar miyata. Miyar ake bi, ba kazar ba, shi ma ya sani. Shekara talatin da huɗu ke nan. Yau abu talatin da ɗaya ne a allon, kowanne da lambarsa. Mutum ya shiga layi da tire, ya nuna ta cikin gilashi, a zuba masa a kwanon takarda. Har da wani ganye-ganye da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Miyata ce lamba ɗaya, amma sunanta yanzu Miyar Kaka.

Na same shi a ofis na yi masa magana. Ya tashi, ya ba ni kujera, ya ce Gwaggo kada ki ɗauka da zafi, talla ce kawai, mutane sun fi son kaka. Wato ni da nake raye ina ƙamshin albasa ban kai tsohuwar haya daraja ba. Kafin in fito kuma ya ce in rubuta masa yadda ake miyar, don ya sayo injin da zai riƙa dafa wa duk shagunan, in huta. Ban ce masa ina neman hutu ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Yaya

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na kuma ji daɗin cewa gwiwar ta lafa. Kin ce in yi haƙuri, ɗa ne. Ai na sani, ni na yaye shi.

Na rubuta musu yadda ake miyar. Wata mai farar riga ta zo da sikeli, ta tsaya a kaina kwana uku tana auna duk abin da hannuna ya ɗiba: tumatir, tattasai, tafarnuwa, gishiri, ruwan kaza. Na ba ta komai, sai abu ɗaya. Zan gaya miki, ke kaɗai, don ko Dogo bai sani ba.

A satinmu na farko a rumfa, ina soya albasa, Dogo ya ja ni da musu a kan inda za a kafa allo. Tukunyar kuma gindinta ba kauri. Kafin in waiwayo albasar ta kama, ta yi duhu, saura ƙiris ta ƙone. Ba wata albasar a rumfar. Sai na zuba ruwan kaza, na kankare ƙanzon, na yi shiru da bakina. Ranar wani direba ya ci, ya dawo ya ƙara, ya turo abokansa. Tun daga nan kullum sai na bar albasa ta kama da gangan. Ba a aunawa, hanci ne yake gaya miki. Matan da nake aiki da su sun ɗauka mantuwar tsufa ce, har tausayina suke ji. Kwana ukun da mai sikeli take nan kuwa na soya albasar fes, ta rubuta: a soya har ta yi laushi. Injin nasu ma an yi shi ne don kada komai ya kama.

Ranar Asabar suka sallame ni. An yanka kek, an tafa, an ba ni agogon bango mai hoton tsohuwar nan a tsakiya. Na karɓa da hannu biyu.

Kada ki yi mini wa'azi, na san ba kyau. Amma ina so ya zo da ƙafarsa. Ina so mutane su ture kwano su ce wannan ba ita ba ce, layi ya ragu, ya shigo ɗakina ya durƙusa ya ce Gwaggo me ya faru. Wallahi a take zan gaya masa, ba abin da zan nema sai ya sa layi ɗaya a bangon nan. Na ba su sati biyu.

Yayarki

Auta,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun da na yi, ba ciwo ba ne.

Sati bakwai na zauna ina jin ƙarar kowace mota da ta tsaya a ƙofa. Manaja ya zo sau biyu, duk ya kawo mini lemo, ya tambayi lafiyata, ya tafi. Jiya na gaji, na yi shiri na tafi shagon da yake kusa da babban asibiti, inda ba wanda ya san ni.

Layi har waje. Na ɗauki tire na bi. Da na ce lamba ɗaya, yarinyar da take zubawa ta yi murmushi ta ce Mama kin iya zaɓe, sirrin kakar mai gidan ne, ba a taɓa canza shi ba. Na ce Allah ya ji ƙan kaka.

Na zauna na ɗanɗana. Jan yana nan, yaji yana nan, gishiri daidai. Amma ɗan ɗacin nan da yake zuwa a ƙarshe ya riƙe harshe, babu shi. Na ɗaga kai ina duban mutane. Wani yana ci yana danna waya. Wata tana suɗe kwano da burodi. Wani dattijo, irin waɗanda na tabbata sun ci tawa shekara da shekaru, ya tashi ya ƙaro. Ba wanda ya ko ɗaga gira.

Sai na ce ai waɗannan baƙi ne. Na sa aka zuba mini wata, na zo gida na juye a kwanona na da, na ɗumama, na kai wa Dogo da shinkafa. Ban gaya masa ta inji ce ba. Mutumin da ya ci miyar nan kullum tun muna da ƙuruciya, wanda in na rage gishiri kaɗan sai ya leƙo ya yi mini tsiya. Ya ɗauki cokali da hannun nan mai rawa, ya ci, ya ƙara. Ya lumshe ido, hawaye ya zubo masa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, Yaya, hannunki yana nan, inji ba zai iya wannan ba.

Na share masa baki, na ce ya ƙara ci. Ya cinye tas.

Yau da safe na soya albasa na bar ta ta kama, na yi ƙaramar tukunya. Tana nan a rufe, ban san wa zan ba ba. In gwiwar ta bar ki, ki zo. Zan ajiye miki kwano biyu, ba zan gaya miki wanne ne nawa ba. In kin gane, ki faɗa. In ba ki gane ba, don Allah ki ce mini kin ƙoshi.

Taki har kullum,
Yaya