Gogen Kawu da Zaren Fatsa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu nan Wudil lafiya, sai dai takaici.

Masu shirya wani taron al'adu sun ari gogen Kawu Sale don ado. Jiya suka dawo da shi. Sun shafe ƙwaryar da koren fenti, sun cire tsirkiyar gashin doki sun ɗaura zaren fatsa, wai ya fi tsafta. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da goge fa. Sau ɗaya ya ja, ya ajiye, ya ce, "Ku kai kogi, wataƙila kifi ya saurara."

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida Inna, amma kar ki faɗa mata, gogen babansu ne.

Ƙaninki,
Bala