Ranar da Kamara Ta Yi Zazzaɓi

Dogon Dutsi, farkon bazara

Aminina Salman,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ya Yamai, ya aikin talabijin, ya zafi? Ina Samira, jikin ya yi sauƙi? Ka ce mata mutumin Arewa na gaishe ta. Mu nan lafiya lau, in ka cire rana.

Na san za ka ce mi ya hana ni kiran waya. A waya katse ni kake yi, kai mai diflom. A takarda dole ka ji ni har ƙarshe.

Na sayi kamara, kuma ba irin wadda ka ce ba. Ka ce in jira ka samo mini hayar irin taku ta kafaɗa, mai nauyin buhun gero. To ka ji dalilina. Ka tuna kakana Iro na Sukukutane, mai gogen bori? Baba da ƙannensa sun matsa masa har ya dafa Alƙur'ani gaban liman cewa wasan roƙon ruwa na bana shi ne na ƙarshe. Ana tashi zai yanke tsagiyar gogensa, ya bari har abada. Ba wanda ya koya a hannunsa. Taken kowace doguwa da kowane iska yana cikin yatsun tsohon nan, babu a takarda, babu a kaset. In ban ɗauka bana ba, ya tafi ke nan.

Na je na roƙe shi. Ya ce ya taɓa ganin wasu baƙi da ƙatuwar na'ura da igiyoyi, sun tsaya a kan mutane kamar masu karɓar haraji, ba zai yi kiɗa gaban irin wannan ba. Na ce tawa ƙarama ce. Ya ce, "In amaryar tamu za ta shiga aljihun riga, kawo ta in gani. Kai dai ban yarda ka iya zaɓen mata ba."

Ka san ni, daga aji uku na bar lakkwal, sauran karatun a jikin kwalaye da allunan shaguna na tsince shi. Amma na zauna da waya da ƙamus, na bi Faransancin masu gwada kamarori kalma bayan kalma har idona ya yi ja. Ba ƙanƙanta kaɗai na nema ba. Na nemi mai faffaɗan wurin kama haske a cikinta, don kar fuskar baƙin mutum a inuwa ta koma gawayi. Na nemi mai ramin saka mikoro na waje, tunda goge nake bi. Na nemi wadda za a ba ta wuta daga batirin waje, don a Sukukutane ba inda za ka yi sharji sai a fanon hasken rana na mai shago. Na samu ta hannu wajen wani ɗan kasuwa mai zuwa ƙetaren iyaka. Tana ɗaukar 4K, hoto mai kaifin gaske, tafin hannuna na rufe ta. Na haɗa mata gilashin rage haske da 'yar ƙafa uku.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka aro mini 'yar na'urar nan taku ta ɗaukar sauti daban, in ajiye ta kusa da gwiwar Kaka. Ka ba direba, zan tare shi a tasha.

Ka huta lafiya. Naka har kullum,
Ja'afaru

Dogon Dutsi, tsakiyar bazara

Salman,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya Samira? Na ji daɗi da ta koma aiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka cewa shugabanku ba ya barin kayan ofis su fita. Na gode. Su zauna cikin akwati su yi ƙiba. Zan ɗora mikoro a kan kamarar, in matso da ita kusa, abin da ya samu ya samu.

Akwai abin da ya fi wannan cin raina. Na fita gwaji ranar kasuwa, wajen masu dabbobi. Salman, hoton nan sai ka ce ka sa hannu ka shafa wuyan raƙumi. Ina tsaka da murna sai wata 'yar alama ja ta fito a ekiran, ɗan allon kallon nan, kamarar ta mutu a hannuna, jikinta kamar an ciro ta daga murhu. Na koma na binciki rubuce-rubucen da na karanta. Ashe akwai maganar, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: tana iya ɗaukar zafi in an daɗe ana aiki. In an daɗe! Mutanen da ke rubuta abin nan cikin rigar sanyi suke gwada ta. Ba wanda ya taɓa tsayawa da ita gindin dutsenmu bayan azahar. Ƙaramin jiki ba shi da inda zafi zai fita, wannan ne ba su faɗa da babbar murya ba, kuma wasan Kaka da rana tsaka ake yin sa, a ƙarshen bazara.

Kar ka ce ka faɗa mini. Ba ka faɗa ba, cewa ka yi babba ta fi kwarjini.

Na yi ta dabara. Na sauke ta daga 4K zuwa abin da ke ƙasa da shi, raina na ƙuna. Na buɗe ekiran ɗin nesa da jikinta, na ba ta wuta daga waje, na sa ta inuwa. Haka ta jure wuni kusan guda. To za ta yi.

Na kai ta Sukukutane, babur na nutsewa cikin rairayi ina turawa. Kaka ya juya ta a hannu ya ce amarya ta yi kyau amma ba ta da nama. Sai ya kafa sharaɗi na biyu. Ba a tsayawa a kan iskoki, kuma jinin mai goge a gabansa yake zama, ba takalmi, yana riƙe masa ƙaron shafa tsagiya, ba ya tashi, ba ya waiwaye har sai iska na ƙarshe ya sauka. Na ce to wa zai riƙe kamara? Ya ce ai na ce tana da ƙafafu. Na yi faɗa, na yi magiya, tsohon nan ya ci gaba da cin goronsa.

Don haka zan kafa ta a bayana, gefe kaɗan, ta fuskanci hannunsa, in danna in zauna. Gwaggo Lantana za ta tsare mini ita. Ƙanwar Baba ce, ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, ita kaɗai ce cikin 'ya'yan Kaka ba ta jin kunyar gogensa. Na ce mata kar ta bari kowa ya taɓa, kuma ta sani babban maƙiyin abin nan zafi ne, in ta yi zafi mutuwa take. Na maimaita mata har ta ce, "Kai Ja'afaru, ka ɗauka ban taɓa raino ba?"

Ka sa mu a addu'a, ko da ba ka sa mu a kayan ofis ba.

Naka,
Ja'afaru

Sukukutane

Salman,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa ba.

An yi wasan. Ban taɓa jin Kaka ya yi kiɗa haka ba. Idonsa a rufe, kamar yadda ya saba, gogen nan na kuka kamar mutum. Tsofaffin da ban taɓa ganin haƙoransu ba suna guɗa. Doguwa ta hau wata mata daga wajen Dumega, aka lulluɓe ta, aka yi ta yi har rana ta karkata. Ina zaune gabansa da ƙaro a hannu, wuyana na ƙaiƙayin waiwaye, ban waiwaya ba. A raina ina cewa, Ja'afaru, ɗan aji uku, yau ka yi abin da masu diflom ba su yi ba.

Da iska na ƙarshe ya yi atishawa ya sauka, Baba ya matso da wuƙa. Kaka ya karɓa ya yanke tsagiyar da kansa. Sai a lokacin na juya.

Ban ga kamara ba. Abin da na gani a kan ƙafa uku wani dunƙule ne na jiƙaƙƙen buhu, an naɗe shi tsaf an ɗaure da leɓen zane, ruwa na ɗiga ƙasa. Gwaggo na tsaye kusa da moɗa a hannu, tana murmushi.

Ka san yadda muke sanyaya ruwa a nan, a naɗe jarka da buhu a riƙa jiƙa shi. Ta ce ana farawa ba da daɗewa ba ta taɓa kamarar ta ji zazzaɓi ya kama ta. Ta tuna abin da na ce. Ta kwance buhun jarkarta ta rufa mata, ido da mikoro da komai, kuma duk sanda ya fara bushewa sai ta ƙara ruwa. Wuni guda tana tsaye cikin rana tana yi, ko wasan ba ta kalla ba. Garin nan kaf sun gani. Ba wanda ya ga aibu. Har yaba mata suka yi, suna cewa Lantana akwai hankali.

Ban san duk abin da bakina ya faɗa ba. Na san na ce mata jahila. Na ce ta kashe ubanta da hannunta. A gaban mutane, Salman, matar da ta goye ni. Ta ajiye moɗar ta shiga gida.

Na durƙusa wa Kaka. Na ce a ɗaura sabuwar tsagiya, ya yi mini ko a ɗaki, ko da wayata in ɗauka. Ya ce ya dafa Littafi, kuma taken iskoki ba a kiɗa shi don bango ya ji. Ya ce, "Amaryarka ta sa lulluɓi gaban manya, ta fi ka kunya." Ya so in yi dariya. Baba kuwa cewa ya yi Allah ne ya rufe abin da ya kamata a rufe. Na tashi na bar wurin, don in na buɗe baki ba za a sake kirana ɗansa ba.

Kamarar ba ta tashi. Na ciro kartin da hoton ke shiga, gobe zan koma gari in duba a ordinater, wato kwamfuta.

Ja'afaru

Dogon Dutsi, an yi ruwan fari

Aminina Salman,

Ina gaishe ka da Samira, ina kuma gode maka. Na ga ka kira sau da yawa, ban ɗaga ba. Ba fushi nake da kai ba, baki ne ba ni da shi. An yi ruwa shekaranjiya, mutane sun fita shuka, a Sukukutane ana cewa wasan Kaka ya karɓu.

Mai gyara ya buɗe kamarar ya ce ruwa ya ci cikinta, in bar ta. Ka ce in kawo Yamai a gwada, ka ce kuma za ka nemo mini wata. In ɗauki mi da ita? Bikin aure da buɗe shago? Akwai masu yi.

Kartin bai lalace ba. Ga abin da ke ciki. Kaka na shafa ƙaro, yana gyara zama. Hoton ya fi duk abin da na taɓa ɗauka, kowace jijiya ta hannunsa ta fito, hasken daidai, zaɓena bai yi kuskure ba. Ya ja take na farko, bai kai ƙarshensa ba sai ga yatsun Gwaggo sun shigo, sai saƙar buhu, sai duhu. Daga nan gogen ya koma can nesa, kamar ana kiɗa a ƙasan rijiya. Na sa abin kunne, na ɗaga, na rage, na yi duk abin da na karanta. Ba ka iya bambanta take da take.

Abu ɗaya ne ya fito tas, don bakinta na dab da mikoro. Muryarta. Tana zuba ruwa tana cewa, "Sannu 'yar nan, sannu. Yi haƙuri, sha sanyi. Ki daure ki ɗauko mana Baba." Baban nata, Kaka, take nufi. Haka take ta faɗa, a hankali, yadda take yi mini in ina masassara. Kamarar ta jima a haka kafin ta mutu, kuma muryar na nan har inda ta yanke.

Na yi niyyar share shi. Hannuna ya ƙi. Na kuma kasa daina saurare.

Jiya direban Sukukutane ya kawo mini ƙunshi. Gogen Kaka ne, ba tsagiya, ƙwarya da fata da sanda kawai. Wai Kaka ya ce a ba ni in haɗa da amaryata, su yi hira tunda dukansu sun yi shiru. Ga su nan kan tabarma ina kallonsu ina rubuta maka.

Direban ya ce akwai saƙon Gwaggo ma. Tun ranar ba ta fita ko rijiya ba. Ba ta aiko da ƙorafi ba, ba ta ambaci abin da na ce mata ba. Tambaya ɗaya ta ce a yi mini: wai yarinyar ta farfaɗo, Baba ya fito a ciki?

Motar za ta koma gobe da hantsi, direban zai biyo ya karɓi amsa. Na karanta takardu da yawa a kan kamara, Salman, babu wadda ta koya mini abin da zan ce masa. In na ce bai fito ba, na sake kashe ta. In na ce ya fito, za ta ce in kawo ta gani.

Ka gaida Samira. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Ja'afaru