Na Taka Filin da Takalmi

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririya. Nan yayarka lafiya, tarin ɗanta ya lafa. Kakarka tana nan yadda ka bar ta, ga ci ga mita. Babanka ne ba lafiya, gwiwar nan ta kumbura har a zaune yake salla. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba ya kwance. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koya.

Ƙaramin jirgin saman da ke kawo likita duk Talata ya kife a filinmu. Ya sauko lafiya, yana gudu a kan ciyawa, sai tayar gaba ta nutse. Hancinsa ya caki ƙasa, wutsiya ta yi sama, ya juye. Likita ta karye a hannu. Matuƙin, Dogo, mai tsokanata kullum wai in shirya ya kai ni yawo cikin gajimare, yana asibiti, har yau ƙafafunsa ba su motsa ba.

Ka san aikin babanka shekara ashirin da biyu. Ranar zuwan jirgi yakan taka filin daga farko har ƙarshe ba takalmi, don tafin ƙafa ke gaya masa in ruwa ya kwanta ƙarƙashin ciyawa. In ƙasa da ƙarfi ya shimfiɗa farin ƙyalle, matuƙi ya hango ya sauka. In da laushi ya shimfiɗa ja.

Auta, ba shi ya taka ba ranar nan, ni ce. Wata biyu ke nan ina yi masa a ɓoye, don kada a ce ya tsufa a karɓe aikin, a karɓe gidan nan da aka ba mu saboda aikin. An yi ruwa ran Litinin, ni kuma ka san ni da tsoron maciji, sai na sa takalman robar da ka aiko mini. Ban ji komai ba, ciyawar ta sama a bushe take. Da hannuna na shimfiɗa farin, har ina ɗaga wa jirgin hannu. Bayan an tafi da su na koma wurin, na cire takalmin na taka, ƙafata ta shige har idon sawu.

Kada ka sa wa ranka komai, takalman ba su da laifi.

Masu bincike sun zo sun auna, sun bar takarda, za su dawo karɓa ran Alhamis. Babanka ba ya karatu, ni na karanta masa ina haɗa baƙi. A ciki an rubuta wai shi da kansa ya duba filin. Ya ce zai dangwala yatsa, shi ya aike ni, laifin nasa ne, in na buɗe baki bai yafe ba. In ya dangwala ya yi ƙarya, kuma a ce mutumin da bai taɓa sakaci ba shi ya nakasa Dogo. In na faɗa, ban san inda za a kai mu ba, ga kakarka.

Jiya matar Dogo ta biyo ɗaukar jakarsa, har tana yi wa babanka sannu da gwiwa. Na ba ta ruwa, na kasa kallon fuskarta.

Kai ka yi makaranta, ka gaya mini yadda zan yi. Don Allah amsarka ta iso kafin Alhamis. Ka rubuta da manyan baƙi, yadda zan karanta ni kaɗai ba sai na kai wa kowa ba.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan jaririya.

Taka,
Innarka