Abin Da Ba a Gaya Wa Baffanki Ba

Zuwa ga Lauratu, sanyin idona, inuwar darbejiya da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya kwaso ƙishi. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan.

Kin tuna la'asar ɗin nan a soron gidanku na Kabara, da kika miƙo mini zoɓo, kofin ya dinga karkarwa a hannuna har ya ɗiga mini a riga? Kika rufe baki da mayafi kina dariya, wai ba ki taɓa ganin namiji mai kunya irina ba. Wallahi na so a ce kunyar ce! Ran nan kwanana uku rabona da kodin, jikina ne yake nemansa. Na ƙyale ki a haka domin dariyar ta yi mini daɗi.

Ga yadda abin yake. Shekara huɗu na yi ina shan maganin tarin nan, har da ƙwaya in ta samu. Yanzu wata biyar ke nan ina zuwa asibiti duk Talata. Ba a kwantar da ni ba. Nakan karɓi kati, in zauna a benci, in ba da fitsari a gwada, in ga likita, sannan mu zauna mu takwas masu irin matsalar nan kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Kafin azahar na koma kan keken ɗinkina. Sau ɗaya na koma ruwa, a bikin abokina Sabo. Gwaji ya nuna, aka rubuta, aka ci gaba.

Jiya Baffanki ya zo unguwarmu Soron Ɗinki bincike a kaina. Liman ya ce ba na fashin sahu. Malam Abdulmalik mai shago ya rantse ko sigari bai taɓa gani a hannuna ba, shi da ya taɓa ɗauko ni daga bakin kwata! Ban ga laifinsu ba, a unguwarmu ba a tona ɗan unguwa ranar neman aure. Baffa ya tafi yana murmushi.

Ya ke farin watana, yaya zan yi in kai ki ɗaki, in riƙa ɓacewa duk Talata ina ce miki na je kasuwar Kwari sayen yadi? Ina son ki, Lauratu, son da ya sa nake jin tsoro. Likita bai ce na warke ba, ni ma ba zan ce ba.

Na sa hannu a asibiti, Baffa na iya zuwa a nuna masa fayil ɗina. Ki ba shi wasiƙar nan kafin Juma'a, ranar da manya za su sa rana. In kin kasa, ni zan kai masa da kaina. In aka ce a'a, ba zan turo kowa roƙo ba, ba kuma zan mai da ke dalilin komawa kwalba ba.

Naki har ƙarshen numfashi, ko an ba ni ko an hana ni,
Muttaka