Ɗana Yana Jifa Kamar Tsawa, Amma Ba Saiti

Malam, ka taimake ni da shawara. Shekara tara rabona da garinmu Sialkot. Tirela nake ja a nan Brampton, aikin da ya cinye mini baya. Abin da ke sanyaya mini rai ɗaya ne: ɗana Shahzeb, ɗan shekara sha shida, in ya sheƙo da gudu zai jefa ƙwallon kurket. Wallahi har manya ja da baya suke yi.

Yadda ake yi a gida na koya masa: ƙwallon tanis naɗe da salatif, a wurin ajiye motoci. Ba ta da nauyi, sai ka sa duk ƙarfin kafaɗa. Yanzu ya koma ƙwallon fata, saurin na nan, saitin babu. Jifa ɗaya ta tumɓuke sandar da ake hari, uku su bi iska. Abokansa sun ce mai tsaron bayan sanduna ya bar wasiyya kafin Shahzeb ya fara jifa.

Kocinsu, Mista Ramnarine, dattijo ɗan Guyana, ya ce ya rage gudu ko ba zai kai shi gwajin shiga ƙungiyar lardi ba. Na ji haushi, domin ƙasar nan komai naka sai an rage shi. Amma ba zan zalunce shi ba: kyauta yake koyarwa, kuma ya san aikinsa. Yaron kuwa ya rantse in an taka masa birki ya bar wasan. Akwai makarantar kuɗi da ke auna gudu da na'ura. In mayar da shi can? Abin da na iya tarawa don zuwa ganin tsohuwata dala dubu huɗu ne da ɗari uku.

Direba, Brampton

Ɗan'uwa Direba,

Barka da samun wannan yaro. Gudu baiwa ce, ba a sayenta. Saiti kuwa koyo ne, yau da gobe ke kawo shi. Wanda aka danne wa gudu yana ƙarami da wuya ya dawo masa. Nan gaskiyarka ce.

Amma dattijon ba makaho ba ne. Jifan da ba saiti sau da yawa daga karkacewar jiki yake, kuma bayan yaro mai tasowa bai gama ƙwari ba. Wataƙila abin da yake tsoro ke nan. Na'ura ba za ta gaya maka wannan ba, don haka kada ka taɓa kuɗin tafiyarka.

Ka je wurinsa da yaron, ku zauna ku uku. Ka roƙa a bar gudun, a rage yawan jifan, a shimfiɗa hankici a ƙasa yaron ya riƙa harinsa da ƙwallo da cikakken ƙarfinsa. In gwajin bana ya wuce, na baɗi na tafe. Ka faɗa wa Shahzeb haka da bakinka, don ina zaton ba kocin yake tsoron ya kunyata ba, kai ne.

Allah ya raya shi, ya kai ka gida lafiya.