Baƙin Zaren da Kika Ɗaura Mini

Nani, kakata,

Ina taɓa ƙafafunki don gaisuwa daga birnin Georgetown. Yaya ciwon gwiwa, yaya shinkafar bana? Ni lafiya lau, makaranta ma haka, barci ne dai sama-sama.

Nani, baƙin zaren da kika ɗaura mini saboda kambun baka ba ya hannuna. Mami Sabitri, matar Kawu da nake zaune a gidansu, kullum tana maimaita koyarwar Swaminsu, malaminsu na addinin Hindu: rai ɗa ne, ba bawa ba, tsoro ne kaɗai sarƙarsa. Ta ce, "Ke 'yar ƙauye, zare ne zai tsare ki? Kawo nan!" Kin san ni, na kasa musu, na miƙa mata. Wai ta jefa shi cikin wutar ibada.

Amma da muka dawo daga ƙona gawar maƙwabci, da baya-baya ta shiga gida, kada fatalwa ta biyo ta. Tun ranar kuma riga mai dogon hannu take sawa, cikin wannan zafi! A littattafan soyayyar da nake karantawa, mace ba ta ɓoye hannu a banza.

Ki aiko mini da wani zaren, kada Kawu ya ji. Wancan kuwa a bar mata, ina jin ta fi ni buƙata.

Ubangiji ya ja kwananki.

Jikarki,
Drupati