Mai Riƙe Farin Ƙyalle

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau Zakiya ta dawo daga makaranta da takarda a hannu. An ce kowa ya zana babarsa. Ta zana mayafi, ta zana kafaɗu, tsakiyar ta bar shi fari. Ta ce, "Baba, hancin Mma dogo ne ko gajere?" Shekararta shida. Wata bakwai kenan da kwale-kwale ya kife da matata Muniratu tsakanin Makango da Yeji, kuma yarinyar ta fara manta fuskar uwarta.

Na ce mata gobe zan kawo mata hoto.

Abin kunya ne in rubuta, amma ni Sualihu mai hoto, shekara goma sha huɗu ina ɗaukar fasfo a bakin tashar Salaga, babu hoton matata ko ɗaya a gidana. Mahaifinta malami ne, bai yarda an yi hoto a bikinmu ba, ita ma haka ta tashi, da ta ga waya ta nufo ta sai ta ja mayafi. Katunanta suna cikin jakar da ruwa ya tafi da ita. Sau ɗaya tak ta zauna min, a Maris na 2021, don katin ƙungiyar mata masu kifi. Yana cikin kwamfutar shago. Ban taɓa buɗe shi ba tun rasuwarta, ba zan iya ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na kunna kwamfuta da safe. Ƙas, ƙas, ƙas, sai baƙin allo. Faifan ajiyar ne ke wannan ƙarar, inda hotuna suke gaba ɗaya.

Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Na ciro shi na hure, na ɗan bubbuga shi da tafin hannu yadda muke yi wa rediyo. Wani direba da ya zo fotokofi ya ce in sa shi a firij, na kai wajen mai sayar da ruwan sanyi na sa. Har la'asar ina abu ɗaya.

Na ce wa Zakiya inji ba shi da lafiya.

Laraba, 8 ga Mayu

Ban buɗe shago ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, Yendi

Na biyo ta Bimbilla na zo wajen ƙanena Nazif. Shi ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar masu sayen hatsi a nan. Shekara uku yana damuna da maganar kilawud, wai ka tura kayanka ta intanet su zauna cikin manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ko shagonka ya ƙone kayanka na nan. Ni kuwa kullum dariya nake masa. In ba wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba ajiyar fuskokin mutanen Salaga? Abin da ke ƙarƙashin teburina shi na yarda da shi.

Na shiga ofishinsa ina jiran ya ce ai na faɗa maka. Bai ce ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya kara faifan a kunne, ya haɗa shi da wata waya, ya ji ƙarar sau biyu ya yi maza ya zare.

"Yaya, wannan ya wuce ni. Allurar ciki ce ta faɗi a kan faifan. Akwai wani Fadlullah a Bawku, shi yake buɗe su."

Ya ce garin ba ya zaune lafiya kwanakin nan, in ba direba ya kai. Na ce ba zan ba direba ba. Ya dube ni ya ce to in sa shi cikin safa, kar ya sha girgiza.

Lahadi, 12 ga Mayu, Bawku

Gushegu, Nalerigu, gangaren Nakpanduri, Garu. Duk hanyar faifan na cikin safa a aljihun ƙirjina, hannuna a kai. Wata tsohuwa a lore, motar da muka shiga, ta ɗauka ciwon zuciya nake yi, ta miƙo min ruwa.

Shagon Fadlullah yana bayan masu sayar da albasa, ɗan tsukuku, amma ko ƙura babu. Mutum ne mai kaifin baki. Kafin ma mu gama gaisawa ya kira ni Massa, wato maigida, ya ce, "Massa, sau nawa ka kunna shi bayan ya fara kuka?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ya kai goma?"

Na ce ya fi ashirin. Na faɗa masa firij ɗin ma.

Ya aje sukudireba. Ya ce duk kunnawa ɗaya allurar tana kartar faifan, inda ta karta kuma ya tafi kenan. Da tun ƙarar farko na kashe na kawo, da kusan komai ya dawo. Wato ba tsufan inji kaɗai ba ne, da hannuna a ciki. Ranar Talata ina zaune ina goge ta da kaina, ina cewa ƙoƙari nake.

Na fita waje na tsaya cikin warin albasa, ya zame min hujjar hawaye.

Litinin, 13 ga Mayu

Zai ciro allura daga wani faifan irin nawa ya dasa. Ya ce kwana uku, in je in nemi abin yi, ba ya son mutum tsaye a kansa. Na sauka wajen wani mai sayar da shanu, abokin Nazif. An kawo tuwo zafi da miyar ayoyo, na ci loma biyu.

Na kira gida. Zakiya ta ce malama ta ba ta zuwa mako mai zuwa.

Laraba, 15 ga Mayu

Na gwada tuno fuskar Muniratu da kyau, yadda zan gaya wa mai zane. Ina da dariyarta, ina da yadda take cewa "Malam Sualihu" idan za ta yi min tsiya. Hancin nan da yarinyar ta tambaya, wallahi na daɗe ina tunani kafin in ce dogo ne. Ni ma ashe hanyar Zakiya nake bi, ban sani ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Fadlullah ya dawo da hotuna dubu goma sha ɗaya da wani abu, ya zuba min a sabon faifai. Sunayen duk sun ɓace, lambobi kawai. Na zauna a benci na bi su ɗaya bayan ɗaya tun hantsi. Ɗaliban sakandare, maniyyata, direbobin yalo-yalo mai ƙafa uku, mata masu doya, mutanen da na yi wa sallar gawa da kaina. Rabin Salaga na gani yau a Bawku.

Daga Janairun 2021 zuwa Yuni babu ko ɗaya. Nan ne allurar ta fi ci.

Na ce ya sake gwadawa. Ya buɗe tsohon ya nuna min, zobe ne a karce kamar gindin tukunya. Ya ce, "Massa, nan wurin babu komai kuma. Ko Akra ka kai, ko Turai." Sannan ya sassauta murya ya ce Allah ya jiƙan ta. Na ce amin.

Asabar, 18 ga Mayu, Salaga

Na dawo. Zakiya ta tare ni a ƙofa, ta kalli hannuna, ba ta tambaya ba. Gara ma da ta tambaya.

Talata, 21 ga Mayu

Ɗan Alhaji Mahamudu mai doya ya buga min ƙofa, yana son hoton babansa don takardar addu'ar arba'in. Na ce shago a rufe yake. Ya ce shi ma ba su da wani hoton kirki sai wanda na ɗauka. Na ɗauki makulli.

Na same shi bayan dogon nema. Hoton asali ne, kafin in yanke gefe-gefe in mayar da shi fasfo. Ga Alhaji da hularsa, yana ƙoƙarin haɗe rai, bakinsa ya ƙi. A can sama, gefen dama, kan farin ƙyallen da ke bayansa, yatsu huɗu ne da jan lalle. Ƙaramin a lanƙwashe, wanda wuƙar kifi ta yanka tun Muniratu tana budurwa.

Na manta. Wallahi na manta. Ƙusar da ke riƙe ƙyallen ta faɗi tun shekarar da muka yi aure, kullum ina cewa gobe zan buga wata. Duk ranar da ba ta je Makango ba ita ke tsayawa a baya ta ɗaga shi, ta ɓuya, tana yi wa mutane tsiya ta bayan ƙyalle. "Alhaji, ka saki fuska mana, ba kotu za a kai ka ba." Ni kuma in yanke yatsunta in buga. Sai bayan rasuwarta na buga ƙusa biyu, aikin minti ɗaya.

Na sallami yaron na ci gaba da dubawa. Tana nan a ɗaruruwa. Wani yatsu, wani har wuyan hannu da awarwaro, wani gefen mayafinta shuɗi. Kuma kusan duk wanda take bayansa yana danne dariya.

Fuskar dai babu.

Alhamis, 23 ga Mayu

Nazif ya zo da kansa, ya ce tunda hotunan suna hannu bari ya tura su kilawud ɗin nasa. Na ce ya yi abin da ya ga dama, ba wai na yarda da shi ba ne. Intanet ɗin na jan ƙafa, na aika aka sayo masa koko da ƙosai don kar ya tashi bai gama ba.

Da Zakiya ta taso makaranta na kira ta cikin shago, na miƙa mata hoton Alhaji Mahamudu ban yanke komai ba, ban kuma ce komai ba. Ta ce wannan ai tsoho ne. Can ta ɗora ɗan yatsanta a kan kusurwar.

"Baba, Mma tana baya."

Na ce e, tana baya.

Ta ce to haka za ta zana, ƙyalle da hannu, idan malama ta tambaya za ta ce babarta tana aiki ne. Ta tambaye ni jan fenti.

Gobe akwai ɗalibai masu rajistar jarrabawa, sai na buɗe da wuri. Hoton guda biyu na buga. Ɗaya yana jakar makarantarta, ɗayan yana aljihun da faifan ya je Bawku a ciki.